Ganga ta Biyar

Adiza, da ke zan fara, ko da yake maganar taku ce duka, ke da yayanki Isaka da ƙanwarki Rabi. An gaya mini ranar wata sadakar bakwai ta dangi a nan Tafo kin durƙusa gaban 'ya'yan Yaya Mumuni kina ba su haƙuri a kan abin da uwarki ta yi wa ubansu. Wa ya aike ki? Ni ban mutu ba, bakina kuma bai mutu ba, ƙafa ce kawai ta gaza. Shekara da shekaru ina jin ana cewa Memuna ce ta rusa gidan mijinta, ina haɗiyewa don kada in ɓata muku zumunci, ashe shirun da na yi ne ya sa ku ma kuka ɗauka gaskiya ne. To, yau na sa a rubuta, kuma duk wanda ransa zai ɓaci ya ɓaci.

A shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, ni mai sayar da kananzir ce a bakin tashar loruna ta Race Course a Kumasi. Garwa biyu, mazurari, da kwalabe jere a kan tebur, shi ke nan jarina. Wajen uwata na gaji sana'ar, tun ina ƙarama nake cikin warinta, har babanku yana tsokanata wai ko tuwona a kusa da wuta ba a ajiye shi. Amma na san mai. In na shafa a bayan hannu na san fetur da sanyinsa, na san dizal da maiƙonsa. Na kuma san abin da kowace mai kananzir ta sani: ruwa ba ya haɗuwa da shi, kwanciya yake a gindin garwa ya yi shiru, sai ka zo ƙarshe ka zuba wa mutum, fitilarsa ta yi ta tartsatsi ta mutu, gobe ya zo ya zage ka a gaban jama'a. Saboda haka ban taɓa sayar da gindin garwa ba.

Gidanmu na Zongo babban gida ne, kuma Yaya Mumuni ne kansa. Shi ne wan babanku, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme shi da shekara goma sha. Yana da loruna masu zuwa Arewa, yana da murya, in ya yi gyaran murya a zaure har kaji suna nutsuwa. Babanku Salifu kuwa makanike ne a Suame, mutum mai sanyi, mai hannu mai kyau, wanda in wansa ya ce rana ta faɗi da tsakar rana sai ya tashi neman fitila. Ban faɗi wannan don raini ba. Na so shi, na kuma zauna da shi har ƙarshe. Amma haka yake, kuma kuna bukatar ku san haka kafin ku ji saura.

A wannan shekarar ne wani kamfanin Turawa masu awon ƙasa ya kawo jirgi mai saukar ungulu. Ranar da ya fara sauka a filin da ke bayan tasha, kasuwa ta watse, mai koko ta bar kokonta, wani tsoho ya yi ta salati yana gudu da takalmi ɗaya. Ɗan ƙaramin abu ne mai kan gilashi, mutum huɗu ko biyar yake ɗauka. Aikinsa ya kai masu awon cikin kurmi, can yamma inda babu hanyar mota sai ta masu yankan katako. Tun da a kurmi babu inda za a sayi mai, sai a kai ganguna a lori a ajiye a wasu wurare uku da aka sare daji, in jirgin ya ji ƙishi ya sauka ya sha ya wuce. Yaya Mumuni ne ya samu kwangilar kai gangunan. Matuƙin jirgin kuwa, wani Bafaranshe siriri mai jan wuya, ya ga yadda babanku ke wanke hannu kafin ya taɓa inji, ya ce shi yake so ya riƙe masa mai.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne jirgin ba fetur yake sha ba. Kananzir yake sha, ɗan'uwan wanda nake aunawa a kwalba. Matuƙin ya ce in nasu na musamman ya yanke, kananzir ɗin fitila ma ya yi, in dai mai tsabta ne. Ya ce ko dizal, in an shiga matsi a daji, zai iya kai mutum gida, da sharaɗin a gaya masa tun kafin ya tashi, a kuma duba injin bayan an sauka. Abu biyu ne ya ce ba a wasa da su, ruwa da datti. Ya koya wa babanku ka'ida: gangar jirgi ba a zuba mata komai sai man jirgi, ba a wanke ta da ruwa, a kwance ake ajiye ta don kada ruwan sama ya taru a bakin murfi, kuma duk abin da zai shiga cikinta sai ya bi ta wata fata mai laushi da ke riƙe ruwa. In babanku ya tace, ya rufe, sai ya ja zane uku da farin fenti a kan murfin. Shi yana iya zama a wuri ɗaya ne kawai. A sauran wuraren biyu matuƙin da kansa yake saka famfon hannu ya zuƙa, ba ya tacewa, zanen nan uku kawai yake dubawa.

Yaya Mumuni yana nan aka yi wannan bayani, amma rabinsa ya ɗauka. Abin da ya shiga kunnensa shi ne jirgin yana shan dizal. Daga nan ya yi ta faɗa a majalisa cewa abin nan da ake ta tsoro bai fi lorinsa ba, duk abin da ka ba shi zai haɗiye.

Cikin wannan hali na haifi Isaka. Ɗan fari ne a wajen babanku, Yaya Mumuni kuma ya ce za a yi suna irin wanda Zongo ba za ta manta ba, ba don ni ba, don a ga gidansa. Lokacin famfon unguwa ya yi kwana da kwanaki yana tari babu ruwa. Kun san al'adarmu, in taro ya taso duk wani mazubi da ke kusa na taro ne, ba a tambaya, na maƙwabci ma ɗauka ake yi a mayar daga baya. A bayan gida kuwa akwai gangunan jirgi guda biyar da aka dawo da su babu komai, suna jiran a cika. Yaya Mumuni ya sa aka wanke su da toka da sabulu, aka kai rafi aka ciko. Da su aka dafa wake da shinkafa, da su aka yi alwala, da ruwansu aka yi mini wankan jego. Babanku ya zo da safe aka raɗa suna, kafin azahar lorin katako ya mayar da shi kurmi, bai ko leƙa bayan gida ba.

Kwana uku bayan suna ina zaune a ƙofar ɗaki ina shan kunun kanwa, na ji ana ta buga ƙarfe. Na leƙa, sai ga yaran mota sun tuntsurar da ruwan ganga huɗu, sun tsayar da su, suna juye kananzir a ciki kai tsaye, ba fata, ba komai. Wanda ya taɓa juye ganga ya san ba ta tsiyayewa duka, bakinta yana da leɓe a ciki, dole wani abu ya rage. Kananzir ɗin kuma bai kai ba, sai na ga an ɗauko dizal ɗin lori ana cikawa. Zanen babanku yana nan a kan kowane murfi tun na wancan zuwan, fari tas, toka ba ta goge shi ba. Na ajiye ƙwarya, na ja mayafi, na je na durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ake yi.

Na ce, "Yaya, a yi mini haƙuri, akwai ruwa a gindin gangunan nan. A bari su bushe a rana, ko a aika wa Salifu ya zo ya tace."

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Jirgin da ke shan dizal, ɗan ruwan cokali ne zai dame shi? Ke mai jego, koma ɗaki. Kwalba kika sani, ba ki san ganga ba koraa, ko kaɗan."

Yaran suka yi dariya. Na koma ɗaki, kuma wannan komawar ita ce laifina, ita kaɗai, in kuna neman abin da za ku ba da haƙuri a kai. Na kira direban da zai kai kayan, wani mai suna Bukari, na roƙe shi don Allah ya gaya wa Salifu kada a taɓa gangunan nan sai ya duba. Ya ce to. Amma Bukari abincin Yaya Mumuni yake ci, kuma ba inda babanku yake aka tura shi ba, wuri na uku aka ce ya kai, mafi nisa. Na san haka, na kuma zauna, saboda mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, saboda kada a ce matar ƙani ta tsallake maganar wa. Na zauna ina shan kunu ina gaya wa kaina Allah zai kiyaye.

Bayan kwana goma labari ya iso da hantsi. Jirgin ya sauka a wuri na uku, matuƙin ya ga zane uku, ya zuƙa, ya tashi. Bai yi nisa ba injin ya ɗauke a sama. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya sauko da shi a hankali, amma a kurmi babu fili, bishiyoyi ne suka tare su. Matuƙin ya karye a baya da ƙafa. Wani mai awo mutumin Asante mai suna Kwaku, wanda yakan sayi kananzir a wajena yana ce mini Maame, wato uwa, reshe ya shigo ta gilashi ya same shi. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu. A duk shekarun da aka yi ana zagina a Zongo, ban taɓa jin wani ya ambaci sunan mutumin nan ba, sai ka ce akuya ce ta mutu.

Turawan suka buɗe sauran gangunan suka sami ruwa kwance a ƙasa da dizal a gauraye, ga kuma zanen Salifu a kai. Aka dawo da babanku Kumasi, aka ce ranar Alhamis ya bayyana a ofishin kamfanin, 'yan sanda za su kasance a wurin. Ranar Laraba bayan la'asar aka taru a zaure, dattawan gida da na dangi. Ba a kira ni ba, amma bangon zaure da na madafa ɗaya ne, na ji komai. Babu wanda ya tambayi wa ya yi. Kowa ya sani, ai da ruwan gangunan suka yi alwala. Abin da aka tattauna shi ne wa ya fi sauƙin rasawa. Aka ce Mumuni ne ke riƙe da gida, in aka ɗaure shi loruna za su tsaya, bakuna da yawa za su rasa abinci. Salifu kuwa yaro ne, zanensa ne a kai, ya ce mantuwa ya yi, shekara biyu ko uku ya fito, gida zai riƙe masa mata da ɗa. Wani ma har ya ce lada ne ƙani ya rufa wa wansa asiri. Na kasa kunne in ji Yaya Mumuni ya ce a'a, ko da na kunya ne. Gyaran murya kawai na ji.

Da aka watse, surukata Mma Asana ta shigo ɗakina. Ita ta haife su duka biyun. Ta ɗauki Isaka ta yi masa wasa, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Memuna, abin da kika gani a bayan gida, ba ki gani ba. Duka nawa ne, na san wanda zan iya bayarwa."

Da babanku ya shigo na rufe ƙofa na tambaye shi ko ya yarda. Ya ce ya yarda. Na ce mutum ya mutu, za a rubuta cewa kai ka kashe shi, yaron nan zai tashi ana nuna shi. Na ce ko ka fito, wa zai sake ba ka inji ka taɓa? Ya zauna a bakin gado yana kallon hannuwansa, ya ce Yaya ne ya riƙe shi tun rasuwar ubansu, shi ya kai shi koyon aiki, shi ya yi masa aure, ba zai iya tsayawa gaban Nasara ya nuna shi da yatsa ba. Na ce ai ba sai ka nuna ba. Ya ɗago ya ce in ina ƙaunar zaman lafiya in yi shiru. Wallahi a ranar, da ina da ƙarfi, da na girgiza shi har haƙoransa sun kaɗa.

Ganga biyar aka ara, huɗu aka cika. Ta biyar matan gida sun riƙe ta a bayan madafa don ta yi musu daɗin ajiyar ruwa, kowa kuma ya manta da ita. Safiyar Alhamis, bayan maza sun raka babanku, na goya Isaka, kwanana talatin da uku da haihuwa. Na je na tuntsurar da ita, ruwa ya malale tsakar gida har cikin murhu, na bar kaɗan a ciki, na mayar da murfi mai zane uku, na tura ta waje. Mma Asana ta fito tana kiran sunana, ban juya ba. In ba ku taɓa jin ƙarar gangar ƙarfe a kan duwatsun lungun Zongo ba, to ba a ɓoye ta. Mata suka fito ƙofa-ƙofa, masu shayi suka miƙe, wata tsohuwa ta tare ni tana cewa mai jego, ina za ki, jini zai ɓalle miki. Na kewaye ta. Inda hanya ta yi gangara gangar ta fi ni sauri, inda ta yi tudu na sa gwiwa. Wani Bafrafra, mutumin Arewa mai dako, ya ga ina haki, ya karɓa ya tura mini har ƙofar ofis, bai tambaye ni komai ba, bai kuma karɓi komai ba.

Na same su a baranda: Bature biyu, ɗan sanda mai igiya, akawu mai fassara, babanku a tsaye da hula a hannu, Yaya Mumuni da dattawa a kan benci. Babanku ya riga ya fara magana. Da ya gan ni fuskarsa ta canza, ya ce da ƙaramar murya, "Memuna, koma gida."

Na ce wa akawun, "Gaya musu wannan gangarsu ce. Su duba lambarsu, su duba zanen mijina, sannan su buɗe su shinshina."

Baturen ya buɗe, ya sa hanci, ya karkata ta, ruwa ya zubo a kan takalminsa da ƙwayar shinkafa biyu a ciki. Daga nan na faɗi komai, tun daga famfon da ya ƙafe har dariyar yaran mota, na kuma faɗi cewa ranar da aka cika gangunan mijina yana kurmi, littafinsu ma zai nuna. Ban ƙara ba, ban rage ba, har komawata ɗaki na faɗa. Aka aika aka kawo Bukari, ɗan sanda bai gama tambaya ba ya fara kuka yana ba da labari. Nan take aka kama Yaya Mumuni. Da aka zo tafiya da shi ne ya tsaya a gabana, ya ce wa ƙaninsa, ba ni ba, "Ka ga abin da ka aura."

An ɗaure shi shekara biyu, daidai abin da suka ce ba komai ba ne in Salifu ne. Loruna suka tsaya, gaskiya ne, gida ya sha wuya, wannan ma gaskiya ne, ban taɓa musu ba. Kafin magariba ta ranar an fito mini da kayana ƙofar gida, tukwane da tabarma da akwatin aure. Ƙanwar uwata ce ta ba mu ɗaki a Tafo, shi ya sa kuka tashi a can ba a gidan kakanku ba. A tasha matan da muke zama tare suka janye teburansu. Na yi wata shida Zongo ba ta sayi kananzir ɗina ba, matan Asante ne suka riƙe ni. Aka ce na kai ɗan'uwa Musulmi hannun Nasara, aka ce na fita cikin jego shi ya sa kaina ya taɓu. Mma Asana ta rasu ba ta sake ɗaukar Isaka ba. Waɗanda suka zauna a zaure suka zaɓi marar laifi kamar masu zaɓen ragon layya, su ne dattawan kirki har suka mutu, ana yi musu addu'a da sunayensu.

Babanku bai sake ni ba. Ya biyo ni Tafo bayan kwana uku, ya ci tuwon da na ajiye masa, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Da kin bari, shekara biyu ce kawai. Da yanzu ina da ɗan'uwa."

Na ce masa yana da ɗa. Ba mu sake tayar da maganar ba. Ya koma Suame, sunansa ya wanku, har ya zama mai garejin kansa, da shi aka yi muku makaranta, da shi na je Makka. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa barina da yunwa ba, bai kuma taɓa ce mini na gode ba, ko sau ɗaya. Kowace Sallah sai ya yi wanka ya sa sabuwar riga ya tafi Zongo gaida wansa, a bar shi a tsaye a ƙofar zaure, ya dawo ya ce mini an gaishe ni. Ni kuma in yi kamar na yarda, in zuba masa abinci.

A ciwonsa na ƙarshe, Rabi, kina makaranta, Isaka da Adiza kuma kuna Accra, ni kaɗai ce a kansa wata huɗu. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi. Ranar da zai cika, da rana tsaka, na ɗaga kansa na ba shi ruwa ya sha, ya buɗe ido ya dube ni sosai, har na ɗauka yau zai faɗa. Sai ya ce, "Yaya bai zo ba?"

Lokacin Yaya Mumuni ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Na goge masa baki da gefen zanena, na ce bai zo ba.